Me ya sa masu iyaye da rai ke fita daga majami'ar Yahudawa idan za a yi wa matattu addu'a?

A safiyar Yom Kippur, wato Ranar Kaffara, wadda ita ce rana mafi alfarma a shekarar Yahudawa, akwai wani lokaci da baƙo zai ga abin da zai ɗaure masa kai a majami'un Ashkenazawa, Yahudawan da asalinsu ya fito daga Jamus da gabashin Turai. An gama karatun Attaura, ba a riga an mayar da naɗaɗɗen littafin cikin ma'ajiyarsa ba, sai mai kula da tsarin ibada, wanda suke kira gabbai, ya bugi teburin karatu da tafin hannu ya ɗaga murya ya ce, "Yizkor!" Nan take sai ɗaki ya motsa. Yara da samari da 'yan mata, har da magidanta masu furfura waɗanda Allah ya bar musu uwa da uba da rai, su miƙe su nufi ƙofa, a daidai lokacin da wasu dattawa da ba a cika ganinsu a majami'a ba suke kutsowa ciki suna neman wurin tsayawa. Daga nan a rufe ƙofa. Waɗanda suka rage a ciki duk mutane ne da mutuwa ta taɓa yi wa yankan ƙauna, kowa ya tsaya da littafinsa a hannu yana motsa leɓɓa, ba a jin komai sai sautin buɗe shafi da shesshekar wani can a gefe.

Kalmar yizkor ta Ibrananci ce, ma'anarta "ya tuna", kuma tushenta ɗaya da kalmar zikiri da muka aro daga Larabci. Da ita addu'ar take farawa, shi ya sa ta zama sunanta. Addu'ar kanta gajeriya ce. Mai karantawa yana roƙon Allah ya tuna da ran mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya ambaci sunan mamacin na Ibrananci haɗe da sunan uban mamacin, ko na uwarsa a wasu al'ummomi, ya ce zai ba da sadaka dominsa, sannan ya roƙa a ɗaure ransa cikin "ƙullin rai" tare da rayukan Ibrahim da Ishaku da Yakubu, da Saratu da Rifkatu da Rahila da Lai'atu, da sauran salihan bayi a Aljanna. Wannan lafazi na ƙullin rai an ɗauko shi ne daga maganar da Abigiyel ta yi wa Dawuda a littafin Sama'ila na farko, sura ta 25, aya ta 29, kuma haruffan farko na kalmomi biyar na addu'ar da aka gina a kansa su ne ake sassaƙawa a ƙasan duwatsun kaburburan Yahudawa har yau.

Sau huɗu ake yin Yizkor a shekara: ranar Yom Kippur, da ranar Shemini Atzeret da ke rufe Idin Bukkoki, da ranar ƙarshe ta Idin Ƙetarewa, da ranar ƙarshe ta idin Shabu'ot. Da farko a Yom Kippur kaɗai ake yi, bisa fahimtar tsoffin malamansu cewa matattu ma suna bukatar kaffara kamar yadda rayayyu ke bukata. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa sauran idodin uku, kuma dalilin da aka fi kawowa shi ne cewa karatun Attaura na waɗannan ranaku a wajen ƙasar Isra'ila yana ƙarewa da ayar da ke cewa kowa ya bayar gwargwadon abin da hannunsa ya mallaka. Tunda an zo maganar bayarwa, sai aka haɗa ta da sadakar da ake yi wa mamata. Akwai wani ɗan abu a nan da ke nuna yadda doka da bukata suke samun hanyar zama tare. Bayahude mai kiyaye addini ba ya taɓa kuɗi kuma ba ya rubutu a ranar idi, don haka ba a zagayawa da faranti. Alkawari kawai ake yi, a biya bayan idi, kuma da yawa sukan ƙara kalmomi biyu, bli neder, wato "ba da bakance ba", don kada mantuwa ta mayar da alkawarin zunubi. A majami'u da dama na Amurka akan raba wa mutane kati mai ɗauke da sunansu, gefensa a tsattsage da adadin kuɗi iri-iri, mutum ya lanƙwasa wanda ya zaɓa ya miƙa, ba tare da ya riƙe alƙalami ba. Adadin kuma yakan zama 18 ko ninkinsa, domin haruffan kalmar "rai" a Ibrananci lissafinsu 18 ne.

Tarihin wannan addu'a da jini aka rubuta shi. A watan Mayu na shekarar 1096, gungun mayaƙan Salibi na farko da suka taso za su Gabas sun auka wa al'ummomin Yahudawa na biranen Speyer da Worms da Mainz a gaɓar kogin Rhine, suka yi musu kisan kiyashi. Waɗanda suka tsira suka fara rubuta sunayen waɗanda aka kashe a littattafai na musamman, ana karanta su a majami'a a wasu Asabar biyu na shekara. Mafi shahara cikin irin waɗannan littattafai shi ne na birnin Nuremberg, wanda aka fara rubutawa a 1296. Daga karanta sunayen waɗanda aka kashe saboda addini da na manyan malamai da masu hidimar al'umma, sannu a hankali al'adar ta sauko har kan kowane gida, kowa ya ambaci nasa. Wannan asali shi ne ya sa Safardawa, Yahudawan da suka fito daga Andalus da arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba su da Yizkor a tsohon tsarinsu. Su tasu addu'ar sunanta hashkaba, ana yin ta ne idan an kira ɗan mamacin ko wani ɗan'uwansa zuwa karatun Attaura, kuma babu wanda yake fita.

To, me ya sa ake fita a wajen Ashkenazawa? Babu wata doka a Talmud, babban kundin shari'ar malaman Yahudawa, da ta ce a fita. Al'ada ce tsantsa, kuma dalilan da ake bayarwa sun zo ne bayan ta riga ta kafu. Na farko shi ne tsoron ayin hara, wato mugun ido, abin da ya yi kusa da kambun baka a wurinmu: kada maraya da ke tsaye yana hawaye ya kalli na kusa da shi, wanda iyayensa ke raye, wani abu ya ɗarsu a zuciyarsa. Na biyu shi ne gudun kada wanda bai san dawan garin ba ya bi baki ya karanta addu'ar mamaci a kan iyayen da ke numfashi, domin suna da karin magana mai gargaɗin kada mutum ya buɗe wa Shaiɗan baki. Na uku shi ne cewa bai dace wasu suna addu'a wasu kuma suna tsaye shiru ba. Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi ko da ba shi ne asalin al'adar ba, shi ne sutura. Mutum ɗan shekara sittin da zai yi kukan uwarsa ya fi sakewa idan ya san duk wanda ke ɗakin ya sha irin ruwan da ya sha.

Ba kowa ne ya yarda da fitar ba. Malamai da yawa na wannan zamani, musamman a majami'un Konsabatib da Rifom, ɓangarori biyu na Yahudawa masu sassauci kan tsoffin dokoki, suna roƙon jama'a su zauna, hujjarsu kuwa ita ce an ƙara wa Yizkor addu'o'i na gama-gari, domin Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka, da kuma sojojin Isra'ila a majami'u masu yawa, saboda haka babu wanda zai ce ba shi da mamacin da zai tuna. Amma al'ada ba ta mutuwa da wa'azi. Sau da yawa iyayen ne da kansu suke yafito 'ya'yansu da ido su fita, ko da malami ya gama bayani. Wasu majami'u sun sasanta ta hanyar barin masu fita su fita lokacin addu'ar da kowa ke yi wa nasa, sannan a kira su su dawo don ta gama-gari. Abin da ladabi ya nema daga wanda ya fita shi ne kada ya mayar da bakin ƙofa dandalin hira, domin ƙorafin da aka fi yi a kan wannan al'ada shi ne hayaniyar da ke shigowa daga waje. Wanda kuma yake cikin shekarar farko ta rashi, al'adu sun bambanta a kansa: wasu sun ce ya fita, wasu sun ce ya tsaya ya yi shiru, wasu sun ce ya karanta kamar kowa, don haka akan bi abin da gida ko majami'a suka gada.

Yizkor sau huɗu ce a shekara, ana ma iya yin ta a gida idan rashin lafiya ya hana fita. Addu'ar da take riƙe mai makoki kullum ita ce Kadish, kuma ita ba ta yiwuwa sai da jama'a. Abu na farko da ke ba mutane mamaki game da ita shi ne babu kalmar mutuwa a cikinta ko sau ɗaya, babu sunan mamaci. Yabon Allah ce daga farko har ƙarshe, yawancinta da harshen Aramiya, wanda shi ne harshen da talakawan Yahudawa ke magana da shi a zamanin da aka tsara ta. Mai makoki yana cewa a ɗaukaka sunan Allah mai girma, a tsarkake shi a duniyar da ya halitta bisa nufinsa, ya kafa mulkinsa "a cikin rayuwarku da kwanakinku", sannan ya ce, "ku ce amin." Jama'a su amsa da ƙarfi cewa albarka ta tabbata ga sunansa mai girma har abada abadin. Duk wanda ya lura da lafazin zai ga cewa da mutanen ɗakin ake magana. Mai makoki yana jefa kira ne, kuma idan babu mai amsawa, addu'ar ba ta tashi ba. A layin ƙarshe, wanda ke roƙon Mai yin salama a sammai ya saukar da salama, mai karantawa yakan ja da baya taku uku, ya ɗan rusuna hagu da dama da gaba, kamar mai sallamar sarki.

Daga nan ne batun minyan ya taso, wato adadin mutum 10 da sai sun cika ake Kadish. A majami'un Otodoks, masu riƙe da tsohon tsari sau da ƙafa, maza ne da suka kai shekara 13. 'Yan Rifom sun daɗe ba sa bambantawa, su kuma 'yan Konsabatib na Amurka kwamitinsu na shari'a ya halatta ƙirga mata a 1973. Wanda ya rasa uwa ko uba yana bukatar waɗannan mutum 10 a sallolin safe da la'asar da dare, kowace rana har wata 11, kuma wannan ya haifar da wani yanayi sananne a ƙananan majami'u: mutum 9 suna zaune da asuba cikin sanyi, mai makoki yana ta duban agogo, wani ya fita titi yana neman Bayahude na goma, ko ya buga wa maƙwabci waya ya tashe shi daga barci. Babban ladabi a nan shi ne idan kai ne na goman, ba ka fita kafin a gama, komai saurinka. Da yawa daga masu cika wannan adadi mutane ne da su ma aka taɓa cika musu a shekarar rashinsu, suka ci gaba da zuwa suna ramawa.

Wata 11 ɗin ma yana da dalili. A cikin Mishna, tsohon littafin dokokinsu, an ce hukuncin miyagu a Jahannama wata 12 ne. Idan ɗa ya cika wata 12 yana Kadish, kamar ya yanke wa mahaifinsa hukuncin zama cikin miyagu ke nan, don haka sai ya tsaya da saura wata guda, alhali sauran dokokin makoki, kamar ƙaurace wa bukukuwa da kiɗa, suna ci gaba har shekara ta cika. Malam Moshe Isserles na birnin Krakow, wanda ya rasu a 1572, yana cikin waɗanda suka rubuta wannan a matsayin abin da ake bi. Ga sauran 'yan'uwa na kusa, wato miji ko mata, ɗa ko 'ya, wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, kwana 30 ne. Ita kuwa fahimtar cewa Kadish ɗin ɗa na amfanar uba, an fi jingina ta ga wani labari da ya bazu a littattafan Jamus da Faransa na ƙarni na 12 da na 13. An ce Malam Akiba, ɗaya daga manyan malamansu na dā, ya gamu da wani mamaci yana gudu da ƙaton ƙunshin itace a ka, itacen da za a ƙone shi da shi, domin a duniya mai karɓar haraji ne da ya zalunci talakawa. Mamacin ya ce ba zai sami sauƙi ba sai ɗansa ya tsaya gaban jama'a ya yabi Allah sun amsa. Akiba ya nemo yaron, ya tarar ko harafi bai sani ba, ya koyar da shi har ya iya tsayawa a majami'a. Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin ɗa nagari da ke yi wa iyaye addu'a, kuma kamar yadda malamanmu suka yi saɓani kan sadakar uku da bakwai da arba'in, haka su ma ba bakinsu ɗaya ba. Abraham bar Hiyya, masanin Barselona na ƙarni na 12, ya tafi a kan cewa aikin da 'ya'ya suka yi bayan mutuwar mutum ba ya sauya sakamakonsa. Ra'ayinsa bai yi rinjaye a wurin jama'a ba.

A da, a ƙasashen Ashkenazawa mutum ɗaya ne ke karanta kowace Kadish, abin da ya jawo rigingimu har aka rubuta dokoki masu tsawo kan wanda ya fi cancanta: mai kwana 7 ko mai cikar shekara, ɗan gari ko baƙo. Daga baya yawancinsu suka koma tsarin Safardawa na karantawa tare, sai kuma sabon ladabi ya bayyana, na daidaita murya. Wanda ya iya ba ya tsere wa wanda ke tuntuɓe da kalmomin Aramiya, kuma sau da yawa za ka ga wani dattijo ya matso kusa da sabon mai makoki yana bin layi da yatsa yana karantawa a hankali domin ya bi shi. Batun tsayuwa kuwa ya danganta da inda mutum ya shiga. A majami'un Rifom kowa yakan miƙe don kada a bar mai makoki shi kaɗai. A na Konsabatib galibi masu makoki ne kawai ke tsayawa, don jama'a su gane su, su je su yi musu gaisuwa bayan an tashi. Ashkenazawan Otodoks da yawa suna miƙewa ga kowace Kadish, Safardawa kuma sukan amsa daga zaune.

Mata fa? Tun ƙarni na 17 aka kawo wa Malam Ya'ir Bacharach na Worms labarin wani mutum a Amsterdam da ya mutu bai bar ɗa namiji ba, ya yi wasiyya 'yarsa ta yi masa Kadish. Malamin ya yarda cewa akwai fuskar halacci, amma ya hana don gudun rushe al'ada. A 1916, lokacin da Henrietta Szold, matar da ta kafa ƙungiyar matan Yahudawan Amurka mai suna Hadassah, ta rasa mahaifiyarta, wani abokin arziki ya nemi ya yi Kadish a madadinta, ta gode masa ta ƙi, tana mai cewa a gidansu duk mata ne, kuma nauyin nata ne. A yau mata suna yin ta a majami'un Konsabatib da Rifom ba tare da wata magana ba, a wasu na Otodoks ma suna yi daga ɓangarensu na bayan labule, a wasu kuma har yanzu ba a saba ba.

A cikin kwana 7 na farko, da suke kira shiva, masu makoki ba sa zuwa majami'a, majami'a ce ke zuwa gidansu. Suna zaune a kan gajerun kujeru, riga a tsage a ƙirji, an lulluɓe madubai, mutum 10 suna zuwa safe da yamma. Mai zuwa gaisuwa ba ya fara magana sai mai makoki ya fara, koyi da abokan Ayuba da suka zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba. Amma ranar Asabar ba a nuna makoki a fili, don haka da yammacin Juma'a sukan sauya tufafi su tafi majami'a, su tsaya a waje har a gama waƙar tarbar Asabar. Sai gabbai ya sanar cewa a tarbi masu makoki, jama'a su juya su fuskanci ƙofa, su ce da baki ɗaya Allah ya ta'azantar da su tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima. Sunan Allah da ake amfani da shi a nan shi ne HaMakom, ma'anarsa ta zahiri "Wurin". Safardawa kuwa cewa suke yi daga sama za a sanyaya muku zuciya. Bayan haka mai makoki ba ya komawa kujerar da ya saba zama. Yakan matsa wani wuri, ga rashin iyaye har shekara guda, ta yadda duk wanda ya shigo ya ga an sami sauyi zai san abin da ya faru ba tare da ya tambaya ba.

Kowace shekara, a ranar da mutum ya rasu bisa kalandar Ibraniyawa, ana yin abin da Ashkenazawa ke kira yarzait. Akan kunna kyandir mai cin awa 24 tun daga faɗuwar rana, saboda ayar Karin Magana da ta ce ran mutum fitilar Ubangiji ce, a yi Kadish, a ba da sadaka, wasu su yi azumi, wasu su karanta Mishna domin haruffanta huɗu su ne haruffan kalmar neshama, wato rai. A bangon majami'u da yawa akwai alluna na tagulla masu sunayen mamata, kowane suna da ɗan ƙwan lantarki a gefensa da ake kunnawa a makon cikarsa, ranar Yizkor kuma a kunna su gaba ɗaya. 'Yan ɗarikar Hasid maimakon azumi sukan kawo ɗan abin taɓawa da abin sha bayan sallar safe, kowa ya ci ya ce Allah ya ɗaukaka ran mamacin. Waɗanda 'yan Nazi suka kashe ba a san ranar mutuwar da yawansu ba, shi ya sa Babbar Majalisar Malaman Isra'ila ta ware ranar 10 ga watan Tebet a matsayin ranar Kadish ta kowa da kowa.

Baƙon da ba Bayahude ba, wanda aka gayyata ko ya raka aboki, abin da ake bukata daga gare shi kaɗan ne. Namiji ya rufe kansa da 'yar hular da ake ajiyewa a bakin ƙofa, amma kada ya yafa mayafin addu'a mai tuntaye, wannan na Yahudawa ne. A majami'ar Otodoks maza da mata ba sa zama tare, kuma ba a miƙa wa jinsin da ba naka ba hannu. A ranar Asabar da idi ba a fito da waya, ba a ɗaukar hoto, ba a rubutu. Idan aka buɗe ma'ajiyar Attaura kowa ya miƙe. Littafin addu'a daga dama ake buɗe shi kamar na Larabci, ba a ajiye shi a ƙasa, idan ya faɗi kuma akan ɗauka a sumbace shi. Ba a kai furanni, sadaka da sunan mamacin ita ce abin da iyalai suka fi so. Baƙo ba ya karanta Kadish, amma babu laifi ya ce amin, kuma idan aka sanar da Yizkor ya dubi abin da mai masaukinsa ya yi ya bi.

Idan kowa ya gama ambaton nasa, mai jan addu'a, wato hazzan, yakan tsaya kusa da naɗaɗɗiyar Attaura ya rera El Male Rahamim, "Allah mai cikar rahama", da wata murya mai ja wadda ita ce takan karya zuciyar waɗanda suka daure tun farko, yana roƙon hutu ga rayuka a ƙarƙashin inuwar Ubangiji. Sai a bi da Ab HaRahamim, addu'ar da aka tsara bayan kisan 1096. Gabbai ya yi wa wani alama ya buɗe ƙofa, yara su shigo suna neman kujerunsu, wasu daga dattawan nan da suka zo don Yizkor kaɗai su naɗe mayafinsu su kama hanyar gida, a mayar da Attaura ma'ajiyarta a ci gaba da sallar idi.